Yadda taguwar EMIC ke zubo elektaron daga ɗamarar Van Allen

Wani ɗalibin fiziks da ke ajin ƙarshe a jami'a ya aiko mini da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na karanta cewa akwai wata taguwa a sararin samaniya da ake kira EMIC. An ce furoton ne ke haifar da ita, amma kuma ita ce ke korar elektaron masu tsananin ƙarfi daga ɗamarar Van Allen. Abin ya ɗaure mini kai. Taguwar ta hagu take juyawa, kusan sau ɗaya a sakan, shi kuwa elektaron ta dama yake juyawa, sau dubbai a sakan. Ina suka haɗu har ta taɓa shi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka taɓo daidai inda gizo ke saƙar. Duk wanda ya karanta wannan fanni da hankali sai ya tsaya a nan, domin a ido babu yadda za a yi waɗannan biyun su jitu. Amsar a dunƙule ita ce gudu. Elektaron ɗin da ake magana a kansa ba a tsaye yake yana jiran taguwar ba, bin ta yake yi a guje har ya wuce ta, kuma wanda ya wuce abu a guje ba ya ganinsa yadda na tsaye ke ganinsa. Amma kafin in warware maka wannan, sai mun san wurin da abin ke faruwa da kuma dalilin da ya sa ake samun taguwar tun farko.

Daga saman iskar da ta lulluɓe duniya har zuwa wajen kilomita 60,000 ta ɓangaren da ke fuskantar rana, maganaɗisun duniya ne ke da iko. Abin da ke cikin wannan rumfa filasma ce, wato iskar da ƙwayoyinta suka rabu da elektaron ɗinsu, kowane yanki ya zama yana ɗauke da cajin lantarki. Ƙwayar da ta rasa elektaron ita ake kira ayon, kuma furoton shi ne ayon ɗin haidurojin, mafi rashin nauyi a cikinsu. Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda wurin yake fayau. Idan ka ɗebi iskar ɗakinka daidai girman dunƙulen Maggi, ƙwayoyin da ke ciki sun kai 25 da sifili 18 a bayanta. A can sama kuwa, wuri mai wannan girman na iya ɗaukar ƙwaya ɗaya tak, inda aka yi cunkoso ɗari ko dubu. Saboda haka ƙwaya mai ƙarfi kan yi kwanaki tana yawo ba ta yi karon kirki da 'yar'uwarta ba. To ta yaya furoton zai miƙa wa wani kuzarinsa alhali ba sa haɗuwa? Kasuwa ce da mai saye da mai sayarwa ba sa ganin juna, dillali ke kai-kawo a tsakaninsu. Taguwa ita ce dillaliyar. Duk abin da zan faɗa maka daga nan bayanin aikin wannan dillanci ne.

Ƙwaya mai caji a cikin filin maganaɗisu motsi uku take yi lokaci guda. Tana kewaya layin maganaɗisu kamar zare a jikin mazari. Tana kai da komo tsakanin arewa da kudu, domin filin na ƙara matsewa yayin da aka kusanci duniya, sai ya mayar da ita baya kamar madubi. Sannan tana gewaya duniya gaba ɗaya a hankali, ayon ya nufi yamma, elektaron ya nufi gabas. Ƙwayoyin da suka maƙale haka su ne ɗamarar da James Van Allen da ɗalibansa na Jami'ar Iowa suka gano a 1958 da na'urar da suka ɗora wa tauraron Explorer 1.

Motsin farko shi ne namu. Ka miƙe babban yatsanka na dama ya bi layin maganaɗisu, yadda sauran yatsun suka lanƙwashe haka elektaron ke kewayawa. Ayon kuma na hannun hagu ne. Saurin kewayawar ya dogara da ƙarfin filin da nauyin ƙwayar. A falakin da taurarin sadarwa ke tsayawa, kilomita 35,786 sama da mu, ƙarfin filin wajen nanotesla 100 ne, alhali a doron ƙasa ya haura 30,000 a yawancin wurare. A wannan nanotesla 100, furoton na yin zagaye ɗaya da rabi a sakan. Ayon ɗin hiliyam ya fi shi nauyi sau 4, don haka zagayensa bai kai 0.4 ba. Na oksijin ya fi shi nauyi sau 16, sai ya yi sakan goma kafin ya kammala zagaye guda. Elektaron kuwa, da furoton ya fi shi nauyi sau 1,836, zagaye 2,800 yake yi a sakan. Ka ga alƙaluman da ke cikin tambayarka daidai suke.

Harufan EMIC taƙaita sunan Turanci ne, ma'anarsa taguwar lantarki da maganaɗisu mai bin juyawar ayon. Dangin taguwar da Hannes Alfvén ya bayyana a 1942 ce, wadda ke bin layin maganaɗisu kamar yadda kaɗawa ke bin tsirkiyar garaya. Idan kaɗawar ta yi sauri har ta kusanci saurin kewayawar ayon, sai ta sake hali, ta zama mai juyawa ta hagu kamar ayon ɗin. A kewayen duniyarmu ana samun ta tsakanin kaɗawa 0.1 zuwa 5 a sakan. Kunne ba ya jin abin da ke ƙasa da 20, shi ya sa masu bincike kan ƙara wa abin da suka naɗa sauri kafin su saurare shi.

Masu haifar da ita furoton ne masu zafi, masu kuzarin keV 10 zuwa 100 (keV ma'aunin kuzarin ƙwaya ne, dubunsa shi ne MeV ɗaya). Don ka san girman abin, furoton mai keV 50 yana gudun kusan kilomita 3,000 a sakan, kuma a nanotesla 100 da'irar da yake yankawa ta kai kilomita 600 daga baki zuwa baki. Lokacin guguwar maganaɗisu, idan iskar rana, wato filasmar da ke kwararowa daga rana, ta matso rumfar duniya, ana tunkuɗo irin waɗannan furoton daga jelar rumfar ta ɓangaren dare, su shigo ciki su gewaye duniya, su zama abin da ake kira zoben lantarki. Yayin da suke shigowa inda filin ya fi ƙarfi, gudunsu na kewayawa yana ƙaruwa fiye da gudunsu na bin layi. Waɗanda suka fi bin layi kuma su ne ke fara zubewa cikin iskar duniya su ɓace. Sai a wayi gari taron ya karkace: kuzarin kewayawa ya yi yawa, na bin layi ya yi kaɗan. Filasma ba ta zama a haka. Da a ce akwai karo da juna, da karon ya daidaita su. Tun da babu, sai 'yar ƙaramar kaɗawa da ke wurin ta samu abin ci.

Yadda take ci kuwa irin tura lilo ne. Idan kana tura yaro a lilo, ba ƙarfin turin ke kai shi sama ba, dacewar lokacin turin ce. Furoton da ke tafiya yana fuskantar taguwar yana jin kaɗawarta ta fi yadda take sauri, kamar yadda ƙahon mota ke ƙara kaifi idan ta nufo ka. Idan wannan ƙarin ya kai ta daidai saurin kewayawarsa, sai su jitu, kowane zagaye ya tarar da turi ta fuska ɗaya. A taron da kuzarin kewayawa ya rinjaya, masu ba taguwar kuzari sun fi masu karɓa yawa, sai ta girma. Su kuma masu bayarwar hanyarsu na ƙara miƙewa ta bi layi, har wasu su faɗa abin da nake kira mazurari. Mazurarin shi ne 'yar kusurwar da idan ƙwaya ta shiga, madubin da zai mayar da ita ya yi ƙasa da yawa, ta riga ta nutse cikin iska kafin ta juyo. A tsakiyar ɗamarar waje, wato wadda ta fi nisa da duniya a cikin ɗamarun biyu, faɗin bakinsa bai wuce digiri 3 zuwa 5 daga layin ba. Charles Kennel da Harry Petschek sun nuna a 1966 cewa wannan yana sa wa ɗamarar iyaka: idan ƙwayoyi suka cika fiye da kima, taguwar da suka haifar da kansu ita ke rage su.

Taguwar ta fi samun gindin zama inda furoton masu zafi suka ratsa filasma mai sanyi da kauri, wato bakin filasmasfiya (curin filasma mai sanyi da ya lulluɓe duniya daga kusa) da kuma reshen da kan miƙe daga gare ta ta ɓangaren la'asar zuwa magariba. Tana kuma tashi ta ɓangaren rana tsaka idan iskar rana ta danno rumfar ba zato. Kuma tana da ƙarfi. Girmanta kan kai nanotesla 1 zuwa 10, alhali taguwoyin da ke jituwa da elektaron kai tsaye galibi ba sa kai nanotesla ɗaya.

Akwai abin da har yau yake burge ni idan na buɗe hoton ma'aunin tauraro, wanda lokaci ke kwance kuma saurin kaɗawa ke tsaye. Taguwar ba ta cika hoton baki ɗaya. Takan fito hawa-hawa, ja-ja-wur, da baƙin fili a tsakani. Idan ka zana layin saurin kewayawar hiliyam a kan hoton, sai ka ga ya bi ta ƙasan baƙin filin sak, kamar da magwaji aka ja shi. Hawa na sama na haidurojin ne, na tsakiya na hiliyam, na ƙasa na oksijin. Dalili shi ne daf da saman saurin kewayawar kowane ayon mai nauyi akwai tazarar da taguwar hagu ba ta iya tafiya. Faɗin tazarar na nuna yawan ayon ɗin a wurin, har ana amfani da shi wajen ƙiyasta hiliyam da oksijin masu sanyin da na'ura ba ta iya kamawa kai tsaye. Shi wannan oksijin daga saman iskarmu ya tashi.

To yanzu ga tambayarka.

Ka ɗauka an tsayar da lokaci ka kalli taguwar daga gefe. Kibiyar maganaɗisunta ba waje ɗaya take nunawa ba, tana murɗawa a hankali yayin da kake bin layin, kamar tufkar igiyar guga. Ka samu irin wannan igiya ka gwada. Sa farcenka a cikin gurbin tufkar, ka sa wani ya ja igiyar gaba kana tsaye: gurbin zai kai farcenka ta gefe ɗaya. Yanzu a ci gaba da jan igiyar a hankali, kai kuma ka zura farcen gaba da saurin da ya fi na igiyar: gurbin zai kai shi ta ɗaya gefen. Igiyar ba ta sake ba, tufkarta na nan yadda take. Abin da ya sake shi ne wa ke wuce wani. Haka yake idan motarku ta sha gaban tirela a hanyar Kano zuwa Zariya, ta taga sai ka ga tirelar kamar baya take ja. Na'urar da ke tsaye tana ganin taguwar na juyawa ta hagu domin taguwar ce ke wuce ta. Elektaron da ya bi ta a baya ya wuce ta yana ganin tana juyawa ta dama, wato ta gefensa. Matsalar hagu da dama ta kau ke nan.

Saura matsalar sau ɗaya da sau dubbai. Abin da elektaron ke ji ba kaɗawar taguwar a sakan ba ne, yawan murɗin da yake ratsawa a sakan ne. Mu sa alƙaluma. A ce tsawon murɗi ɗaya kilomita 300 ne, abin da kan yiwu a filasma mai kauri. Elektaron mai kuzarin MeV 1 yana gudun kusan kilomita 282,000 a sakan, kashi 94 cikin 100 na gudun haske. Raba 282,000 da 300, ka samu murɗi wajen 940 a sakan. Za ka ce ai 2,800 ake nema. A nan ka'idar Einstein ke shigowa. A wannan gudun elektaron ya yi nauyi kusan ninki 3 na nauyinsa na zaune, don haka kewayawarsa ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, wajen 930 a sakan. Ga 940, ga 930. Sun jitu. Gudu ya ɗaga saurin taguwar a idonsa, nauyi ya sauke nasa saurin, suka haɗu a tsakiya. Richard Thorne da Kennel ne suka fito da wannan bayani a 1971, suka ce zai iya zama dalilin zubewar elektaron masu tsananin gudu a tsakiyar guguwa.

Ka sake lissafin da murɗi mai tsawon kilomita 600. Yanzu ko da gudun haske elektaron ba zai ratsa fiye da 500 a sakan ba, don haka sai nauyinsa ya ninka sau 5 da ɗoriya, kuzarinsa ya haura MeV 2, kafin a jitu. Daga wannan kaɗai za ka fahimci abubuwa biyu da masu fannin ke yawan nanatawa. Na ɗaya, taguwar EMIC tana da ƙofa: elektaron da kuzarinsa bai kai wani mizani ba ba ya jituwa da ita, kuma a mafi yawan lokuta mizanin na sama da MeV 2. Na biyu, duk abin da ya gajarta murɗin yana saukar da mizanin. Filasma mai sanyi da kauri na gajarta shi, haka ma idan kaɗawar ta matso daf da saurin kewayawar hiliyam ko furoton daga ƙasa. Shi ya sa ba a iya faɗin aikin da taguwa za ta yi daga ƙarfinta kawai, sai an san irin filasmar da take ciki. Kuma filasma mai sanyi ita ce mafi wuyar aunawa, domin jikin tauraron kan ɗauki caji ya kore ta kafin ta shiga na'ura.

Idan sun jitu me ke faruwa? Elektaron na kewayawa, kibiyar taguwar na kewayawa tare da shi, sai ya ji ta kamar tsayayyen turi. Turin na maganaɗisu ne, shi kuwa maganaɗisu ba ya ƙara wa ƙwaya gudu ba ya rage mata, hanyarta kawai yake karkatarwa. Don haka elektaron na fita da kuzarinsa kusan yadda ya shiga, sai dai kusurwarsa da layin ta sake. Wani wucewar a ƙara ta, wani a rage. Amma yana kai da komo tsakanin arewa da kudu fiye da sau ɗaya a sakan, kowane wucewa da nasa turin, kuma yana gewaya duniya cikin minti 10 zuwa 15, ya sake dawowa yankin taguwar. A haka wasu ke gangarawa har bakin mazurari. Furoton ne ya biya kuɗin, taguwa ta ɗauko, elektaron da bai taɓa haɗuwa da shi ba ya rasa mazauni.

Lissafin da muka yi ya ɗauka cewa duk gudun elektaron na bin layi ne. Wanda yawancin gudunsa na kewayawa ne, ya lafe kusa da tsakiyar layin ba ya nisa, ba ya ratsa murɗi da yawa, don haka taguwar ba ta kama shi. Wannan ya bar sawun da ba a ɓata shi. Idan EMIC ce ta yi aiki, masu kuzari sosai ne ke raguwa, a bar na ƙasa da su, kuma a cikin masu kuzarin ma masu bin layi ne ke ɓacewa, a bar masu kewayawa. Taurarin Van Allen Probes guda biyu, da hukumar NASA ta harba a 30 ga Agusta 2012 suka yi aiki har 2019, sun ga wannan sawu ƙarara. Maria Usanova da abokan aikinta sun nuna shi a 2014 ta haɗa ma'aunin taurarin da na tashoshin ƙasa a Kanada. Yuri Shprits da nasa abokan sun bi guguwar 17 ga Janairu 2013, inda elektaron masu MeV 1 suka ƙaru alhali masu sama da MeV 4 suka ragu, a wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

An kuma ga ɗaya bakin zaren, wato inda ƙwayoyin ke sauka. Furoton da taguwar ta zubo yakan ɗauki elektaron a cikin iska ya koma haidurojin, ya ba da hasken da ya keɓanta da haidurojin. Sai a ga wani ɗan curin hasken orora, wato hasken da kan bayyana a sama da dare kusa da ƙuryoyin duniya na arewa da kudu, shi kaɗai, ya ware daga babban zoben orora ta ɓangaren da ke nesa da ƙuryar duniya. A wani bincike na 2008, Yoshizumi Miyoshi da abokan aikinsa sun haɗa abu uku a kan garin Athabasca na Kanada: na'urar ƙasa na jin taguwar, kyamara na ganin curin hasken, tauraron da ke wucewa ta sama na ƙirga furoton da elektaron masu tsananin gudu suna sauka tare. A 2013 da 2014 shirin BARREL ya saki manyan balan-balan daga tashoshin SANAE da Halley a Antaktika don kama hasken eksire da elektaron ke fitarwa idan iska ta taka masa birki.

Amma ina so ka yi hattara da abin da kan samu ɗalibi idan ya fahimci wata hanya mai kyau, sai ya ɗora mata komai. A ganina an taɓa ba EMIC fiye da rabonta. Tana da ƙarfi, amma a ɗan yanki take tashi, kuma ba ta daɗewa. Ba ta iya share ɗamara ita kaɗai, tun da masu kewayawa sun fi ƙarfinta, sai wasu taguwoyin sun fara miƙar da hanyarsu sun kawo mata su. Akwai kuma wata babbar ƙofar asara da ba ruwanta da iska: idan iskar rana ta matse rumfar sosai, bakin rumfar kan matso ciki, elektaron da ke gewaya duniya su fice ta nan su bi iskar rana. Raba asarar wata guguwa tsakanin waɗannan ƙofofi biyu aiki ne da ake yi guguwa bayan guguwa. A can nesa ƙofar waje ta fi rinjaye. A can ciki, ga masu MeV da yawa, hannun EMIC ya fi bayyana.

Wani abin da ake kan muhawara a kansa shi ne elektaron masu 'yan ɗaruruwan keV da ake gani suna zubowa tare da taguwar, alhali lissafinmu ya ce ba su kai ƙofa ba. Taurarin yanayi na POES sun daɗe suna nuna haka, ƙananan taurarin ELFIN guda biyu da ɗaliban Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles suka ƙera, waɗanda suka yi aiki daga 2018 zuwa 2022, suka ƙara fito da shi. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne taguwar gaske ba doguwar igiya mai tufka iri ɗaya ba ce. Guntu-guntu take zuwa, kuma guntun da bakinsa ya tashi farat ɗaya yana iya bugun elektaron ko ba a jitu sosai ba. Akwai kuma ɗan rabo na gajerun murɗi a cikinta da ke kama na ƙasa. Taurarin Cluster na Turai sun ma ga guntayen da sautinsu ke hawa sama cikin gomman sakanni, waɗanda Yoshiharu Omura na Jami'ar Kyoto ya yi wa bayani da cewa taguwar kan kama ƙwayoyi ta tafi da su na ɗan lokaci maimakon turi na nan da can.

Guntayen nan kuwa su aka fara gani, tun kafin a harba tauraro ko ɗaya. A 1936 Eyvind Sucksdorff a Sodankylä ta Finlan da Leiv Harang a Tromsø ta Norwe suka ba da rahoton wata 'yar kaɗawa mai sauri a ma'aunin maganaɗisu. A kan takarda tana kumbura ta tsuke, ta kumbura ta tsuke, kamar duwatsun wuya a zare, shi ya sa aka yi mata laƙabi da lu'ulu'u. Yau ana kiran ta Pc1. An daɗe ana cewa kowane dutse guntun taguwa ne da ke kai da komo tsakanin arewa da kudu, amma ma'aunin taurari ya nuna kuzarin galibi daga tsakiya yake fita ya nufi duniya, kaɗan ke dawowa, don haka wannan bayani ya yi rauni.

Ba elektaron kaɗai ke hulɗa da dillaliyar ba. Ayon ɗin hiliyam mai sanyi yana karɓar kuzari daga gare ta ya yi zafi. Taurarin MMS guda huɗu, da aka harba a Maris 2015, suna aunawa da saurin da ya isa a bi ƙwayoyi a cikin zagaye ɗaya na taguwa. A 2018 Naritoshi Kitamura da abokan aikinsa suka nuna da ma'auninsu kuzari na fita daga furoton yana shiga taguwar, yana kuma fita daga taguwar yana shiga hiliyam. An kama cinikin ana cikin yin sa. Irin wannan taguwa na tashi a kusa da Io, watan Jupita mai aman wuta, inda kumbon Galileo ya ji ta a 1995, da kewayen Satun, da cikin iskar rana kanta. A doron ƙasa ma da gangan ake harba ta cikin injinan tokamak, masu tsare filasma da maganaɗisu, don dumama filasmar, kuma tana cikin hanyoyin da aka tsara wa ITER, babban tokamak ɗin da ake ginawa a kudancin Faransa.

Abin da ya sa ake kashe kuɗi a kan wannan bincike shi ne elektaron masu MeV suna huda bangon tauraro su taru a cikin robar wayoyi da allunan lantarki, har cajin ya yi tartsatsi. A Janairu 1994 taurarin sadarwa na Kanada, Anik E1 da E2, suka samu matsala a rana ɗaya bayan kwanaki na yawaitar irin waɗannan elektaron. Tauraron Nijeriya NigComSat-1R, da aka harba a Disamba 2011, a wannan falaki na kilomita 35,786 yake, a gefen ɗamarar waje, tare da taurarin da dish ɗin gidajenmu ke kallo. Mai hasashen yanayin samaniya yana bukatar sanin yaushe ɗamarar za ta cika da yaushe za ta zube. Su kuma waɗanda suka zubo ba a banza suke ɓacewa ba. Elektaron mai MeV 1 kan nutso har wajen kilomita 50 zuwa 60 sama da ƙasa, ya farfasa ƙwayoyin iska, a samu sinadaran da ke cin ozon a wannan tsayi. Wannan a yankunan da ke kusa da ƙuryoyin duniya yake faruwa, domin can layukan ɗamarar waje ke sauka. Layukan da ke kanmu a nan gajeru ne, ba sa kaiwa can.

Tun da kana ajin ƙarshe, ga aikin da zai zaunar maka da duk wannan. Ma'aunin Van Allen Probes kyauta ne a intanet. Ka sauko da na maganaɗisu daga na'urar EMFISIS, mai ɗaukar awo 64 a sakan, na rana ɗaya da aka yi guguwa. Ka cire babban filin, ka yi wa ragowar lissafin Fourier, mai rarrabe saurin kaɗawa, gaɓa-gaɓa, ka zana hoton. Sai ka ɗauki ƙarfin filin na kowane lokaci ka ninka da 0.0152, ka samu saurin kewayawar furoton, ka raba da 4 don hiliyam, da 16 don oksijin, ka ɗora layukan uku a kan hoton. Idan ka samu taguwa, ka duba tsakanin waɗanne layuka ta zauna, da kuma yadda ta matso kusa da na samanta. Daga nan ka buɗe ma'aunin na'urar REPT, mai ƙirga ƙwayoyi masu tsananin gudu, na sa'o'in da suka biyo baya, ka duba elektaron masu MeV 3 zuwa 5, ka gani ko masu bin layi sun ragu an bar masu kewayawa. Ka aiko mini da hotunan biyu mu duba tare.